"A ba ni 'ya'yana": yadda kotunan Kaduna ke warware rigimar riƙon yara bayan mutuwar aure

Duk wanda ya taɓa zama a bencin kotun shari'a ta Magajin Gari, ko ta Rigasa, ya san ba raba aure ne ke cin lokacin alƙali ba. Miji ya amsa cewa ya yi saki, ko mace ta mayar da sadaki, a rubuta, a tashi. Abin da ke sa a yi ta ɗage zama wata bayan wata shi ne yaran da aka bari a tsakiya. Mutum zai miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ba na neman komai a wurinta, a ba ni 'ya'yana kawai." Ita kuma ta ce, "Allah ya gafarta Malam, wata bakwai ke nan ko sabulu bai aiko musu ba." Shi yana ganin ya kawo hujja, ita ma haka, alhali kowannensu wata tambaya daban yake amsawa.

Tambayoyin uku ne, mu ne muke cakuɗa su. A hannun wa yaro zai zauna, ya ci, ya kwana? Wannan shi ne riƙo, wanda malamai ke kira hadana. Wa zai biya abinci da sutura da magani da makaranta? Nafaƙa ke nan. Wa ke da ta cewa a manyan lamuransa, irin karatun da zai yi, dukiyarsa idan yana da ita, auren yarinya idan ta isa? Wannan walicci ne. Na biyu da na uku suna wuyan uba. Na farkon ne ba nasa ba, kuma a nan ne maza da yawa ke shan mamaki a gaban alƙali.

Mamakin yana da dalili. Mun taso muna jin cewa ɗa na uba ne, kuma ta fuskar nasaba haka ne: sunan uba yake amsawa, danginsa ne danginsa. Sai al'ada ta ja zancen ta kai shi inda bai kai ba. A gidaje da yawa, da an yaye yaro za a aiko goggonsa ta ɗauke shi, uwa ta yi kukanta ta share hawaye. Masu sassauci su ɗaga ƙafa zuwa shekara bakwai. Uwar da kanta ta ɗauka haka addini ya ce, shi ya sa ko gardama ba ta yi.

Kotunan shari'a na Kaduna, kamar sauran na Arewa, da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma maganar Malikiyya a nan ba a ɓoye take cikin wani babban littafi ba. Tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibin zaure ke kaiwa bayan ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Bayan saki riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Babu zancen yaye, babu zancen shekara bakwai. Shekara bakwai ɗin da ake yawan kawowa ta wasu mazhabobin ce: Hanafiyya na mayar da namiji wurin uba a wannan shekarar, Shafi'iyya kuma na ba yaro zaɓi idan ya yi wayo. Lauya na iya karanto su, amma ba su ne madogarar alƙalin Tudun Wada ba.

Tushen hukuncin sananne ne. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin matar da ta kawo kukan cewa mijin da ya sake ta yana son ƙwace ɗanta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Akwai kuma labarin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ni nake ganin ya kamata duk mai shirin zuwa ɗaukar yaro da ƙarfi ya ji shi. Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi ta riƙe, suka tafi gaban Sayyidina Abubakar. Halifa ya ce wa Umar ya bar mata shi. Umar bai sake cewa uffan ba. A lura, ba ma uwar ce ta kayar da shi ba, kaka ce.

Wannan kakar ita ce abin da maza suka fi mantawa da shi. Lissafin da suke yi shi ne, bari ta yi aure in je in kwashe abina. Gaskiya ne idan uwa ta auri wani bare ta tare, riƙonta ya faɗi. Sai dai ba hannun uba yake faɗawa ba. Jerin da Muhtasar na Halil, babban littafin fiƙihun Malikiyya, ya kawo ya fara da uwar uwa, sai kakar uwa, sai 'yar'uwar uwa, sai innar uwar, sannan a tsallako wajen uba a fara da uwarsa, sai shi. Wato mata biyar ne a gabansa bayan tsohuwar matarsa, in dai suna raye kuma sun cancanta. Ko layin ya iso kansa, sai ya nuna yana da macen da za ta kula da yaron a gida. Malaman da suka tsara wannan ba wai sun raina uba ba ne. Sun duba wanda zai tashi cikin dare idan yaro ya yi zazzaɓi.

Auren uwa yana da rassa da ke juya shari'a gaba ɗaya, kuma da wuya masu ƙara su san su kafin su shigo. Idan wanda ta aura muharramin yaron ne, kamar baffansa, riƙonta bai faɗi ba. Idan jariri ne da ya ƙi karɓar nonon kowa sai nata, haka nan. Idan wanda riƙon zai koma hannunsa ya san ta yi aure ya yi shiru har shekara guda ba da wani uzuri ba, ya zubar da haƙƙinsa, ba zai tashi bayan shekara uku don sun yi faɗa a waya ya ce yanzu yake so ba. Kakar da za ta karɓa kuma sai in ba gida ɗaya take da 'yarta mai sabon aure ba, in ba haka ba an ba da da hannun dama ne an karɓe da na hagu. Sai wanda ya fi ciwo ga mata: idan riƙo ya faɗi saboda aure, sannan auren na biyu ya mutu, a mashahurin zancen mazhaba riƙon ba ya dawo mata haka kawai. A garin da mace kan yi aure biyu ko uku kafin ta kai shekara talatin da biyar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai zawarawan da ba rashin manema ne ya zaunar da su ba, tsoron rasa yara ne. Wasu kuma manemin ne ke cewa ba zai riƙe agola ba, sai a miƙa yaran ba tare da an je kotu ba ma.

Idan uwa ba ta yi aure ba, hanyar da ta rage wa uba ita ce ya nuna ba ta cancanta ba. Sharuɗɗan mai riƙo su ne hankali, iya ɗaukar nauyin kula da yaro, amana, wurin zama mai tsaro musamman ga yarinyar da ta fara girma, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da shi. A nan ne shari'a ke ƙazancewa. Za ka ji ana cewa ba ta zaman gida, tana shigo da maza, ga hotunanta a TikTok, ga saƙon da aka gani a WhatsApp ɗinta. Alƙali shaidu yake nema, zato ba ya isarsa, kuma wanda ya zarce ya jefi mace da zina ba shi da shaidu huɗu ya buɗe wa kansa ƙofar ƙazafi, mai bulala 80. Zargin da ya fi ba ni haushi shi ne na talla. Mutum ya daina aiko da abinci, uwa ta ɗora wa yarinya farantin awara don su ci, sannan ya zo kotu ya ce a duba, tana lalata masa tarbiyyar 'ya. Tallar tana da haɗari, babu musu. Amma alƙalin kirki zai fara tambayarsa yaushe rabon da ya aiko.

Ba duka laifin maza ba ne. Akwai uwayen da ke mayar da yaro sanda: uba ya zo ƙofar gida da ledar kaya a ce yaran sun yi barci, da ƙarfe huɗu na yamma. Akwai masu cusa wa yaro ƙin ubansa har ya gan shi a hanya ya sunkuyar da kai. Shari'a ba ta ba ta wannan ba. Halil da masu sharhin littafinsa sun faɗa a sarari cewa uba na da damar duba ɗansa, ya ladabtar da shi, ya tura shi makaranta, yaron dai ya koma ya kwana wurin mai riƙonsa. Ayar da ke cikin Baƙara ta 233 ta kama ɓangarorin biyu a numfashi ɗaya: kada a cutar da uwa da ɗanta, kada a cutar da uba da ɗansa.

Akwai kuma batun ƙaura. Idan uba zai tashi ya koma wani gari da zama na dindindin, mai nisan baridi shida, wato kimanin mil 72 a lissafin malamai, kuma hanya da garin suna da aminci, yana iya tafiya da yaron sai dai in uwar za ta bi su. Haka idan ita ce za ta yi irin wannan ƙaurar, riƙon na iya kuɓuce mata. A taswirarmu, Zariya mai nisan kusan kilomita 80 daga Kaduna ba ta kai ba, Kano da Abuja sun wuce. Tafiyar fatauci ko ziyara ba ta shiga ciki. An tsara wannan ne a zamanin raƙumi, lokacin da nisan nan ke nufin uba ba zai ga ɗansa ba sai bayan watanni. Yau mutum na hawa jirgin ƙasa a Rigasa da safe ya yi azahar a Abuja, don haka lauyoyi ke samun abin jayayya a kai. Sharaɗin amincin hanya kuwa, wanda ya san tarihin hanyar Birnin Gwari ya san ba tsohon zance ba ne.

Idan ka tone yawancin waɗannan shari'o'i, kuɗi za ka tarar a ƙasa. Uba da yawa ba kewar yaran ce ta kawo shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya ɗauki kuɗinsa duk wata ya miƙa wa matar da suka rabu baram-baram, yana zargin da su take sayen atamfa. Gara a kawo su gidansa su ci daga tukunyar amarya. Shari'a kuma ta raba abin biyu da gangan: ciyarwa ba ta sayen riƙo, hana ganin yaro kuma ba ya sauke ciyarwa. Namiji ana ciyar da shi har ya balaga yana iya nema, mace har mijinta ya tare da ita. Mai riƙo ce ke karɓar kuɗin, kuma alƙali na iya sanya wa uba wani kaso na kuɗin haya saboda yaran. Ita dai ba a biyan ta ladan riƙon kansa.

Nawa za a yanka? Babu jadawali. Suratu Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi, sauran kuma ijtihadin alƙali ne. Ma'aikacin gwamnati da sauƙi, albashinsa a rubuce yake. Ɗan kasuwa kuwa zai rantse kasuwa ta mutu, ya fito daga kotu ya shiga motarsa. A ɗaya gefen akwai mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, naira 72,000 da gwamnatin jiha ta amince da shi a 2024, ga sabuwar mata, ga haya, ga tsofaffi. Ko an matse shi ba abin da zai fito. Sai kuma tsadar rayuwa da ke cinye hukuncin kansa. A ce an yanka dubu goma a wata kan yara biyu a 2021. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da ƙyar wannan kuɗin ya kai su mako guda. Mata da yawa ba su san nafaƙa ba hukunci ne da ake rufewa har abada ba, ana iya komawa kotun a nemi ƙari idan hali ya canza, kamar yadda uba ke iya neman ragi idan ya rasa aiki.

Wurin da mata suka fi yin asara da bakinsu shi ne hul'i, wato mace ta ba miji fansa, kamar mayar da sadaki, don ya sake ta. Mace ta gaji, so take kawai ta fita, miji ya ce zai sake ta idan ta bar masa yara. Malikiyya ta halatta a yi hul'i a kan sauke riƙo matuƙar ba zai cutar da yaron ba. Kalma ɗaya a gaban alƙali cikin zafin rai, an rubuta. Bayan wata uku hankali ya dawo, a fara neman yadda za a warware.

Kaduna kuma ba Kano ba ce. Bayan rikicin da aka yi kan batun shari'a a Fabrairun 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta sauya tsoffin kotunan yanki a 2001 da kotunan shari'a da kotunan al'ada, ga kuma Babbar Kotun Jiha. Irin auren da aka ɗaura shi ke nuna ƙofar da za a shiga. Auren da aka yi bisa al'adar Bajju ko Atyap ko Gbagyi kotun al'ada zai je. A al'adu da yawa uban da ya biya sadaki shi ke da yara, amma tun 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Okwueze, ta ce ba za a bi wannan ido rufe ba idan zai cutar da yaron. Auren rajista kuwa na Babbar Kotu ne a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, wadda sashe na 71 nata ya sa maslahar yara gaba da komai. Ba ma a kammala raba auren idan akwai 'yan ƙasa da shekara 16 sai kotu ta gamsu da tanadin da aka yi musu. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, da ta jihar Kaduna da aka sanya wa hannu a 2018 zamanin Nasir El-Rufai, duk a kan wannan maslahar suka tsaya. Ƙofofi uku ne, amma ba wadda ke ɗaukar yaro a matsayin kayan da ake mayar wa mai shi.

Auren da ya haɗa addini biyu, wanda ba baƙo ba ne a Kakuri ko Barnawa, shi ne mai wuyar sha'ani, don tun daga wace kotu ke da hurumi ake fara ja. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne Malikiyya ba ta sanya Musulunci cikin sharuɗɗan uwa mai riƙo ba. Kirista da Musulmi ya saka tana da riƙon ɗanta. Idan ana tsoron wani abu game da tarbiyyarsa, sai a sa Musulmi su riƙa lura, ba a ƙwace shi ba.

Samun hukunci daban, ganin an aiwatar da shi daban. Yaro ya je hutun sallah gidan uba, a ce ba zai dawo ba. A tura shi ƙauye wurin kaka, ko a kai shi makarantar allo wani gari, uwa ta yi ta yawo da takardar kotu a jaka. Wasu su garzaya ofishin 'yan sanda, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rigimar da ba ta laifi ba, kuma DPO ba shi da ikon cewa ga wanda zai riƙe yaro. Hanyar ita ce a koma kotun da ta yi hukuncin a nemi ta tilasta, ta kira mai taurin kai ya yi bayanin raina umarninta. Wanda bai gamsu ba yana da matakala: Babbar Kotun Shari'a, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin irin wannan, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, har Kotun Ƙoli. Amma shari'a mace ce mai ciki, kuma wannan cikin yana iya shekaru. Yaro ba ya tsayawa jiran hukunci. Wanda ke riƙe da shi a lokacin jiran, da shi yaron yake sabawa. Macen da ba ta da kuɗin lauya tana iya neman ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ko hukumar tarayya mai ba da lauya kyauta, ko jami'an walwalar jama'a na jiha.

Alƙalai sun fi son sulhu, kuma sukan tura iyayen ɓangarorin su zauna da mai unguwa ko limami kafin a dawo. Ba laifi. Inda sulhun ke rushewa shi ne a bar shi a dunƙule: "zai riƙa ganinsu", "zai riƙa kawo abin da ya sawwaƙa". Wata biyu ba a yi ba an dawo. Wanda ke ɗorewa shi ne wanda aka zauna aka tsattsefe, aka kai gaban alƙali ya sa hannu. Nawa ne a wata, ranar nawa ga wata, ta banki ko ta hannun rajistara, don kada gobe a ce an ba da a ce ba a karɓa ba. Kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar. Idan ciwo ya taso cikin dare wa za a kira. Ƙaramar sallah a ina, babba a ina, kayan sallah a wuyan wa. Ranar Asabar daga hantsi zuwa la'asar, a gidan kaka idan iyayen ba sa son haɗa ido. Wa zai kawo su, wa zai mayar, har da wanda zai biya kuɗin keke daga Rigasa zuwa Kawo.